Subhi Mahauci da Rabin Kilon Gahawa

Duk unguwarmu a Damanhur babu wanda ya zubar da jini kamar Subhi mahauci, babu kuma wanda ya kai shi tsoron ganin nasa. Da ƙuruciya shi kaɗai yake kayar da bijimi. Amma tun da aka yi masa aikin zuciya, aka ɗora shi kan maganin tsinka jini, ya koma tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya bar wa ma'aikatansa wuƙa, ya ƙaurace wa wanzami, ko kifi sai matarsa Nawal ta zare masa ƙaya. Shagona na niƙa gahawa yana jikin nasa, don haka a kan idona aka yi komai.

Da lokacin sanyi ya shigo, 'yarsa Rihab ta haifi bakwaini, jikansa na fari. Aka sa yaron a kwalba, aka ɗage walimar suna sai an sallamo shi. Likita ya ce duk mai son ɗaukarsa ya yi allurar rigakafin mura tun yanzu. Rihab kuwa ta gado kafiyar uban, ta ce ba allura, ba ɗauka.

Subhi ya yi kwanaki yana huci. Wata safiya ya shigo shagona da baƙar jallabiya, ya ce in niƙa masa rabin kilo, ya yi laushi sosai. A nan wurinmu kowa ya yanke, garin gahawa ake danna masa. Na gane inda aka dosa, na rufe shago na bi shi, don irin wannan kallo ba a ba mutum labari.

A kemis ya dire ƙunshin gaban Dakta Irini, ya ɗora tawul biyu a kai. Ya kuma yi mata albishir cewa da ya so ma ya ajiye ƙwayoyinsa na mako guda, Nawal ce ta hana.

"Allah ya yi wa Nawal albarka," in ji Irini. "Baba Subhi, barin maganin ne zai kai ka kabari, ba allura ba."

Ta duba sakamakon gwajin jininsa na baya-bayan nan, ta ce daidai yake. Ta ɗauko siririyar allura. Yana tsakiyar kalmar shahada ta gama. Ta danne wurin da auduga na 'yan mintoci, ya kai hannu zai murza, ta buge hannun, ta ce murzar ce ke tara jini. Da ta ɗaga audugar, ɗigon bai kai ƙwayar gero ba.

"Shi ke nan, 'yata? Na fa yafe wa surukina kafin in fito."

Gahawar dai ita muka sha ranar suna. Rihab ta miƙa masa yaron, ƙaton nan ya zauna yana hawaye, ni ma sai da idona ya cika. Jaririn ya kai hannu ya yakushe shi a hanci, jini ya tsattsafo. Nawal ta zabura neman auduga, duk muna jiran Subhi ya sume.

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ki danne da kanki, Nawal. Ni hannuwana duka biyu a cike suke."