Tsingaron da Na Wanke

Ƙarfe takwas saura kwata, bayan sallar isha'i, ranar wata Laraba, a gidanmu na Salaga. Mu huɗu ne a bakin murhu: Kaka Azumi, da Gwaggo Hawa, da ni Ladidi mai shekara goma sha uku, sai baƙuwarmu Madam Adisa, mutuniyar Yendi. Ita tana cikin mutanen jami'a da ke haƙa a bayan tsofaffin rijiyoyi suna tara fasassun tukwane, aka sauke ta a gidanmu.

Kaka tana da tsari kafin ta fara ba da labari. Da farko a ci tuwo, sannan a kife kwanoni, sannan ta ƙwanƙwasa ludayi a murhu sau uku. Wanda ya yi magana bayan na ukun, ɗaki.

A ranar ta ba mu labarin mata biyu da suka kai ƙara kan tukunya ɗaya, matar masunci da matar makiyayi, kowacce na rantsuwa tata ce. Alƙali bai nemi shaida ba. Ya sa aka zuba ruwa zalla a tukunyar aka tafasa, ya kurɓa, ya ce, "Ƙarnin kifi." Matar makiyayi ta sulale.

"Kun ji ko?" in ji Kaka. "Mutum ya ci ya goge baki. Tukunya ba ta da hannun gogewa."

Madam Adisa ta tafa hannu. Da Hausarta ta Zongo ta ce, "Kaka, wannan alƙali shi ne ogan mu! Aikin mu ke nan." Ta bayyana mana cewa yumɓu yana shan maiƙon abin da aka dafa a cikinsa. Akan aika tsingaro ƙasar waje, a niƙa ɗan gefensa, a gwada da sinadarai, a gane ko nono ne, ko kifi, ko man itace.

"To, ku da boko har ƙanzon matattu kuke lasa?" in ji Gwaggo.

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin tsumma. A ciki akwai baƙin tsingaro kamar tafin hannu. Na kakarta ne, wadda aka saya a matsayin baiwa a kasuwar Salaga tana yarinya, ta rasu ba ta taɓa faɗin garinsu ba. Tana da 'yar tukunya da take dafa abincin garinsu a ciki ita kaɗai, ba mai taɓawa; wannan tsingaron ne ya saura daga gare ta.

Kaka ta dubi Madam. "'Yata, a tambayar mini shi. In nono ne, daga arewa take, wajen Bawku. In kifi ne, 'yar bakin kogi ce. Ina so in san inda zan juya in yi mata addu'a."

Aka ce da safe za a miƙa. Ni kuwa an hore ni cewa ba a ba baƙo abu da datti. Da asuba na ɗauki tsingaron. Na farko na dirje shi da toka da yashi. Na biyu na tafasa shi da sabulun salo. Na uku na shafe shi da man kaɗe har ya yi ƙyalli, na kai wa Madam a kan faranti ina jiran yabo.

Ta dafe kai. "Ladidi, me ka yi?"

Duk da haka ta aika. Bayan wata tara wasiƙa ta iso: man kaɗe da sabulu sun rufe komai. Ni na karanta wa Kaka. Ta ja ni jikinta.

"Ashe garinsu garin masu tsafta ne. Share hawayenki, uwar wanki. Allah ya san hanya, addu'a ba ta ɓata."

Ta rasu ba ta sani ba, kuma ba ta sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Na yi shekaru kafin in gane cewa akwai dattin da amana ne, kuma tsafta ba tare da tambaya ba ɓarna ce. Har yau ina wanke kwanona sau biyu, amma kayan tsofaffi sai na tambaya.

Kai mai karatu, ina roƙonka abu ɗaya. In fartanyarka ta tono tsingaro a gona, ko ka tarar da shi a ƙullin wata tsohuwa, kada ka wanke, kada ka shafa masa komai. Ka bar shi da baƙinsa, ka nemi masu wannan aiki ka miƙa musu.