Tsohon Da Na Mayar Daga Ƙofar Likita

A shekarun farko bayan ƙasarmu ta samu ƴancin kai, ni saurayi ne da bai daɗe da fitowa daga lakwal, wato makarantar boko, ba. Na zo Yamai daga gabas, aka ba ni aikin anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, a wani ƙaramin gidan likita kusa da Yantala, ina kwana a ɗakin haya a Bukoki. Farar rigata ita ce duk abin alfaharina, kuma duk abin da aka rubuta da Faransanci aka buga masa hatimi, gaskiya ce a wurina. Yau na tsufa, kuma akwai abin da ban taɓa faɗa wa ko ƴaƴana ba, shi nake so in rubuto muku.

Wata rana aka tara mu, wani matashin likita da ya yi karatu a ƙasar Turawa ya yi mana bayanin sabon tsari. Ya ce tun zamanin mulkin mallaka birni ke cinye kuɗin lafiya, ƙauye bai ganin komai, don haka za a rage maganin da ake ba mu a kai wa mutanen karkara. Ya ce a can inda ya yi karatu kowa da likitar yankinsa, wato asibitin da ke kusa da shi, mu ma haka za mu yi. Maganar ta shiga raina, domin ni ma ɗan ƙauye ne. Bayan kwana kaɗan takarda ta zo, ta ce kada mu ƙara karɓar wanda ba na unguwanninmu ba, mutanen yamma da gari an buɗe musu tasu likitar. Na tambayi majo, wato babban anfirmiyen da ke shugabantar mu, yadda za mu yi da mai ciwo mai tsanani. Ya ce in bi takarda, sannan ya ƙara da cewa in yi aiki da hankalina. Na fito ban san wanne zan ɗauka ba, kuma kunya ta hana ni komawa in sake tambaya.

Da hantsin wata Talata, wata mata ta kawo mahaifinta a kan jaki daga wajen Tondibiya. Tsoho ne mai lambu, jikinsa zafi rau, yana rawar ɗari cikin rana. Zabarmanci take yi, Hausarta ta kasuwa ce, ni kuwa Zabarmancina bai wuce gaisuwa ba. Na gaya mata an yi musu likita kusa da gida, can za ta kai shi. Ta yi ta nuna sama da hannu tana cewa babu kai, babu kai. Na ɗauka tana nufin babu shugaba a wurin, na ce mata ai an tura ma'aikaci, takarda ta faɗa. Ta kira ni ɗanta, ta roƙe ni in yi masa allura ko guda. Allurar na nan cikin kabad a bayana, mabuɗin na aljihuna. Na leƙa neman majo, aka ce ya tafi taro. Na tsaya ina jujjuya maganganunsa biyu, mutane na jira a layi suna ƙorafi. A ƙarshe na ba ta ƙwayar kinin kaɗan a ƙunshin takarda, na taya ta ɗora shi kan jakin. Ba ta zage ni ba, godiya ma ta yi.

Ba a yi wata guda ba, wata takarda ta zo ta soke ta farko, aka ce a karɓi kowa. Babu wanda ya faɗi dalili. Daga baya aka tura mu rigakafi yankin Tondibiya cikin kamiyo, wato babbar mota, na ga likitar da aka ce an buɗe musu da idona. Bango huɗu ne babu rufi, awaki na kwance a ciki. Nan na gane kan da take faɗa, kan ɗaki ne, ba shugaba ba. Na yi ta cigiyar tsohon. Wani ya ce a hanyar komawa ya cika, wani ya ce ya samu sauƙi har ya koma lambu, sai bayan kwanaki wani ciwon ya ɗauke shi. Aka nuna mini gidan, ƴar tsohon ta fito ta kawo mini ruwa a ƙwarya. Ta dube ni ta daɗe, ban sani ba ko ta gane ni. Na sha ruwan, na yi mata gaisuwar rashi, na tafi ban gaya mata ni ne na mayar da su ba.

Har yau ban san inda zan ajiye laifin ba. Tsarin ba mugun nufi aka yi da shi ba, na yarda ƙauye na da haƙƙi. Majo bai hana ni ba, bai kuma umarce ni ba. Ban ma da tabbacin allurar za ta cece shi. Abin da na sani shi ne ban fahimci maganar matar ba, kuma ban nemi wanda zai fassara mini ba, alhali rabin layin Zabarmawa ne. Ku masu tsara yadda za a raba kuɗin lafiya, kada ku rufe wata ƙofa sai kun taka da ƙafarku kun ga ɗayar a buɗe. Ku kuma yara ma'aikata, in umarni ya rikita ku kuma marar lafiya na gabanku, ku fara duba shi, a yi muku faɗa daga baya. Ina roƙon mai karatu ya sa wannan tsoho cikin addu'a, ni ko sunansa ban tambaya ba.