Malama Liatu, Wadda Ta Hana a Mayar da Hansai Gida

Shekara goma sha uku ke nan ba wanda ya taɓa riga Malama Liatu Habila isa firamarenmu da ke bayan garin Tsiga. Kafin manoma su gama ɗaura wa shanu garma, ta buɗe aji, ta mayar da kowane benci inda yake jiya, ta zana a gefen allo abin da za a yi ranar bi da bi: littafi don karatu, tsakuwa don lissafi, kwano don fita tara. Ni da ajina ke jikin nata, na daɗe ina ganin ɓarnar alli ce kawai. Ƙarshen wannan zango za ta ajiye aiki, shi ya sa nake so in faɗi abin da idona ya gani tun tana ji da kunnenta.

A 1976, shekarar da aka buɗe makaranta kyauta ga kowa, Malam Jibo manomin auduga ya kawo 'yarsa Hansai. Yarinyar ba ta kallon idon mutum. In an tambaye ta, sai ta maimaita tambayar. In an buga ƙararrawa, sai ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin benci tana ihu. A gari ana cewa iska ce. Sai daga baya wani likita a Zariya ya kira abin otizim, ya ce ba hauka ba ne, haka Allah ya yi ta.

Ba a yi sati biyu ba hedimasta ya tara mu. "A mayar da ita gida," ya ce, "ko a ba ta tsintsiya ta riƙa share fili." Ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka gyaɗa kai.

Malama Liatu ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ba shara ubanta ya kawo ta koya ba. Abin da manhaja ta ce a koya wa yara sittin ɗin nan, shi zan koya mata. Hanya ce kawai za ta bambanta. A ba ni zango ɗaya."

Ta zaunar da Hansai bakin taga, wuri ɗaya kullum. Kafin a buga ƙararrawa sai ta ɗaga mata ƙyalle ja, don kada ƙarar ta zo mata ba shiri. Ta lura yarinyar na son jera ƙwayar masara layi-layi, sai ta koya mata tarawa da ɗebewa da ita. Ta daina tambayarta da baki, ta koma rubuta tambayar a allo. Ranar da Hansai ta ɗauki alli ta rubuta amsa daidai, shirun da ajin ya yi ne ya sa na leƙa.

Malama ta roƙi a bar ta ta bi ajin har shekara shida. Da jarrabawar shiga sakandare ta matso, aka ce a Funtua za a yi. Malam Jibo ya ce, "Malama, baƙon wuri zai firgita ta. A haƙura."

"Baban Hansai, to sai mu mai da shi ba baƙo ba."

Asabar uku a jere ita da Hansai suka hau motar kasuwa zuwa Funtua, Malama ta lallashi maigadi ya buɗe ɗakin jarrabawar, Hansai ta zauna a kan bencin har ta saba da shi. Ta rubuta takarda iri ɗaya da kowa, ta kuma ci. Yau ita ke rubuta katin marasa lafiya a ƙaramin asibitinmu, kuma ba a taɓa kama ta da kuskuren suna ba.

Ba duka aka dace ba. Tajudeen, ɗan Risikat mai sayar da atamfa, shi ma mai irin lalurar Hansai, ya fara haɗa baƙi ke nan iyayensa suka tashi daga garin suka koma kudu. Har yau in wani ya dawo daga kudu, sai Malama ta tambaya ko an ga yaron, ko ya ci gaba da karatu.

Ke ce, Malama, uwar marasa baki. Ba ki da takardar horo kan wannan aiki. Na taɓa tambayarki inda kika koya, kika ce, "Zama na yi na kalli yarinya har na gane abin da ke ba ta tsoro." Ke ce kika nuna mana cewa sauƙaƙa wa yaro hanya daban, rage masa ilimi daban.

Mun gode, Malama Liatu. Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu mai albarka, ya yafe mana gaggawar da muka yi.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, gobe in kun shiga aji, ku dubi yaron can na ƙurya wanda kuka daina kiran sunansa. Ku kira shi, sannan ku jira.