Taken Baba a Tsirkiya ta Biyar

Babanmu ya kurmance ne shekarar da sanƙarau ya ratsa ƙauyenmu Gwashi. Ya tashi daga ciwon da ransa da ƙarfinsa, amma kunnuwan biyu sun tafi. Ko aradu ta faɗi a bayan gida ba ya waiwayawa.

Kafin nan duk wanda ya riƙe galma a yankinmu ya san shi. In aka kira gayya, mai gangar noma kan bi manoma a baya, kowane gwani da takensa, wato kiɗan da shi kaɗai ake yi wa. Na sha gani da idona in na kai fura gona. Da an saki taken Baba sai ya ɗaga galma sama, ya yi kirari, ya duƙa, ba a ƙara ganin fuskarsa sai a ƙarshen kunya. In an tashi kuma ya cire hular kansa ya ɗora wa makaɗin. Inna ta yi faɗa a kan huluna har ta gaji.

Bayan ciwon ya je gayya sau ɗaya. Ya ga makaɗin yana dukan ganga yana kallonsa, jama'a sun tsaya suna jira, shi kuwa bai san ko takensa ne ake yi ba. Ya saɓa galmarsa ya dawo gida, bai sake zuwa ba. Daga baya makaɗin ma ya rasu. Baba ya koma zaman gindin bedin da ke tsakar gidanmu, magana sai ta kama dole. Wallahi ganinsa haka ya fi ciwon kansa yi mini zafi.

Yayana yana aiki a sakatariyar Anka a lokacin, ni kuma ina aure can kusa da shi. Tun yana karatu a Sakkwato ya koyi jita, irin mai kaurin murya da suke ce wa bes. Baba bai taɓa son abin ba. Tun yana ji ya ce masa, “Mu ba makaɗa ba na. Mu aka yi ma kiɗi.” Yaya bai yi musu ba, bai kuma daina ba. Da zamani ya juya aka rage kiɗa a fili, sai ya koma yi a ɗakinsa, ya rufe ƙofa yana gunji shi kaɗai. Ni dai ban ga abin so a ciki ba. Nakan ce masa jitarsa ba ta da bambanci da cikin wanda ya ci wake ya kwana.

Wata rana mun je gida, muna zaune, Inna ta fara daka a bayan danga. Baba yana ba ta baya, ba ya ganinta, sai ya ce, “An hwara daka.” Na dubi Yaya, Yaya ya dube ni. Ashe ta ƙasa yake jin taɓarya, ta tabarmar da yake zaune. A hanyarmu ta komawa hankalin Yaya ba ya kan hanya, har ya kusa jefa mu cikin rami da mashin. Sai da muka shiga Anka ya ce, “Sai ya ji takenai. Ko da sau guda.”

Jitarsa mai tsirkiya huɗu ce, ya ce ba ta sauka ƙasa yadda yake so. Ya tafi har Kano neman wata. Da ya dawo ya cika mini kunne da labari. Wai ya ga mai tsirkiya shida, wuyanta faɗi kamar allo, yatsunsa ba su kai ba, kuma ta shidan siririya ce, ba ita ta kai shi ba. Ya zaɓi mai biyar, tsohuwar hannu, fentinta duk ya goge. Ya nuna mini ta biyar ɗin, kauri kamar wayar birkin keke. Ya ce in ɗora hannu a kan akwatin sifika, ya ja ta. Na ji abin ya bi hannuna har haƙora. Na janye da sauri na ce masa Allah ya shirye shi.

Ya kuma sayo wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, mai sa murya ta yi ta maimaita kanta kamar an yi kira a cikin rijiya. Da wannan ya fi alfahari. Ya ce shi zai cika sautin ya yi girma.

Saura taken. Makaɗi ya rasu, Yaya kuma yana makarantar kwana shekarun da ake gayyar, bai riƙe shi ba. Ni na riƙe rabi, na rera masa da baki, ya ce abin da nake yi ya fi kama da kiran kaji. Muka koma wurin Inna. Da farko ta ƙi, kunya ta kama ta, wai ita ina ta san kiɗan maza. Na ce, “Haba Inna, ke da kika jiyo shi tun daga gida ki bar tuwo shi ƙone?” Ta kai mini duka da marar tuwo. Can kuma ta jawo turmi, ta ɗauki taɓarya. Ta buga shi tsaf, da gindin turmi da bakinsa, har da inda makaɗin kan ɗan dakata kafin Baba ya ɗaga galma. Da ta gama ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido, alhali ko wuta ba a hura ba.

Yaya ya yi ta koyo har damina ta kama. Wata Asabar muka ɗaure kaya a mashin biyu, shi da jita da sifika, ni da maigidana da ƙaramin janareta, muka bi hanyar nan mai laka. Bayan la'asar ya shirya komai a gindin bedi. Baba yana kallonmu kamar waɗanda suka zo sayar da maganin gargajiya. Ni ce mai ƙarfin hali a gidan, na kama hannunsa na zaunar da shi a kan akwatin sifika.

Yaya ya taka ɗan akwatinsa, ya fara. Kaji suka watse, yaran maƙwabta suka hau danga. Baba ya ɗan yamutsa fuska, sannan ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, “Injin niƙa na?” Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya koma tabarma.

Ban taɓa ganin fuskar Yaya ta faɗi haka ba. Na ji haushi har na rasa wanda zan huce a kansa, sai na huce a kan ɗan akwatin. Na ce, “Wanga abin rijiya naka shi ya ɓata komi.” Inna tana bakin ɗaki, ta ce a hankali, “Ganga ba ta jan magana, ɗana. Bugu guda, ta yi shiru, kana wani ya zo.”

Yaya ya zare wayar akwatin ya tura shi gefe da ƙafa. Ya murɗa maɗaurin tsirkiya ta biyar, yana sassauta ta yana ja, yana kallon Inna, ita kuma tana girgiza kai, har ta yi sako-sako ta kusa kwantawa a kan itacen. Nan Inna ta ce, “Yawwa, haka muryar gangar take.” Amma har yanzu in ya ja sai ta yi ta rawa ba ta tsayawa. Inna ta yage bakin wani tsohon zane ta miƙa masa, ya cusa a ƙarƙashin tsirkiyoyin daga can gindi. Ya ja. Dum, ta yi shiru.

Baba ya ƙi tashi daga tabarma, na yi na yi. Sai maigidana ya ɗauki sifikar ya kifa ta a ƙasa dab da tabarmar, inda turmi zai zauna da a nan ake daka. Baba ya kau da kai yana kallon kaji.

Yaya ya fara, a hankali, da babban yatsa. Zagaye na farko ba abin da ya faru. A na biyu na ga Baba ya daina jan carbi. Ya shimfiɗa tafin hannunsa a ƙasa. Yaya ya zo wurin dakatawar nan, ya dakata. Sai hannun Baba na dama ya dunƙule kamar ya riƙe ƙotar galma, ya tashi sama. Ya buɗe baki ya yi kirarinsa tun daga farko har ƙarshe, murya a karkace, tana hawa inda ya kamata ta sauka. Ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Inna ta rangaɗa guɗa, abin da ban san ta iya ba. Ni kuwa kuka nake yi shaɓe-shaɓe, ba ruwana da yaran da ke kan danga.

Yaya ya kai ƙarshe ya tsaya, bai iya ɗaga ido ba. Baba ya miƙe ya tako har gabansa. Ya daɗe yana kallon jitar, da tsumman Inna a cushe a gindinta. Sannan ya cire hular kansa ya ɗora wa Yaya, ya danna ta da kyau don ta zauna.

Ya koma tabarma da kai ba hula, ya mayar da tafinsa ƙasa, ya ce, “Sake.”