Ƙwan Zabin Inna da Allon da Ya Ƙi Farkawa

Wata Laraba ce cikin damina, shekarar da nake aji shida na firamare a Kutama. Na dawo daga kai abinci gona, ƙafafuna duk taɓo, na buɗe tsohon firjin da ke zaure, wanda aka mayar injin ƙyanƙyasa, na taɓa ƙwan zabina, na ji su da sanyi ƙalau. Jar fitilar da ke jikin injin kuwa tana nan a kunne kamar kullum.

Ƙwai ashirin ne, Inna kakata ta tsinto mini su ɗaya bayan ɗaya a ciyawar bayan gida inda zabinta ke ɓoyewa. A garinmu kaza ake sa wa ƙwan zabi ta kwanta a kai, don zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, kuma Inna har ta zaɓi kazar. Sai ga Yaya Sabi'u, ɗan wan Baba, ya dawo hutu daga makarantar fasaha da injin ƙyanƙyasa na haɗin hannunsa: firji, batir, farantin sola, da ɗan allo mai ƙwaƙwalwa da ke kunna zafi yana juya ƙwai. Ya yi wa kazar Inna dariya son ransa. Ni da rawar kai na kwashe ƙwan na kai masa, Inna tana kallona.

Kwana uku hadari ya rufe rana, batir ya yi ƙasa, allon ya mutu. Da rana ta fito sai ya soma tashi ya maƙale a hanya, fitila a kunne amma babu zafi. A lokacin ban san haka ba. Abin da na sani shi ne ƙwan duk sun zama baragurbi, kuma Yaya Sabi'u ya dubi idon Baba ya ce ni na zare wayar wutar injin don in yi cajin wayar salular Umma. Bulalar Baba ba ta yi mini zafi kamar maganar Inna ba: "Kyautata kika wulaƙanta, Zulai." Ba ta ƙara ba ni ko ƙwai ɗaya ba.

Na tsani Yaya Sabi'u, ba zan ɓoye ba. Na zuba masa barkono a kunu, na buɗe wa akuya ɗakinsa ta cinye masa littafi. 'Yan mata na gaɗa a dandali, ni ina bakin rijiya ina ƙulla yadda zan rama. Duk bai sanyaya mini rai ba, har na shiga karatun lantarki don kawai in gano abin da ya kashe ƙwan nan.

Na kuwa gano. Ashe Yaya Sabi'u ya sa wani tsari mai gadi a cikin allon, wanda zai sake tayar da shi in ya daskare, amma sai allon ya gama farkawa mai gadin ke fara aiki. Maganin shi ne mai gadi na waje, ɗan ƙaramin abu mai zaman kansa da ke jiran allon ya riƙa yi masa alama. In ya ji shiru ya yi yawa, sai ya yanke wuta ya mayar, har allon ya tashi.

Bara Yaya Sabi'u ya zo shagona na gyaran lantarki a Gwarzo. Yana da injinan ƙyanƙyasa huɗu a Kabo, sau biyu ƙwan mutane na lalacewa a hannunsa, ana shirin daina kawo masa. Na bar shi ya gama doguwar gaisuwarsa a tsaye, sannan na ce zan gyara, amma sai ya je gaban Baba ya faɗi gaskiya. Ya je. Kansa a ƙasa ya ce, "Baba, Zulai ba ta taɓa wayar injin nan ba, tun ranar na sani." Wallahi na ji daɗi, kuma ban tausaya masa ba.

Yanzu injinansa na tashi da kansu ko hadari ya yi mako. A Kutama har yau kaji ke kwanci a kan ƙwan zabi, sai dai ɗakin Inna ya zama wurin ajiye taki, shekara shida ke nan da rasuwarta. Na rama, amma wadda nake so ta ji ba ta ji ba.