Idanun Maigidan Hajiya

Ko da zan manta komai na zaman da na yi a Unguwar Mu'azu, ba na jin zan manta ranar da aka nuna mana hoton cikin idon ɗan yayana.

Na gama jami'a ke nan ina zaune a gida aka haife shi. Aka sa masa sunan marigayi babanmu, don haka mahaifiyarmu, Hajiya, ba ta kiran sa sai da "Maigida". Idanunsa dara-dara ne, duk wadda ta zo barka sai ta yaba. Hajiya kuwa cewa take idon mijinta ne ya dawo mata. Kullum da safe ta zizara masa kwalli, ta ɗaga shi tana tsokana: "Maigida, da waɗannan idanun za ka yi mini kishiya?"

Ni dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Yaron yana yawan hawaye ba tare da kuka ba, in aka fito da shi tsakar gida sai ya cusa fuska a ƙirjin uwarsa. Na ga kamar idon dama ya fi na hagu girma, kamar kuma ya ɗan yi hazo, amma ban tabbata ba. Ni ba likitanci na karanta ba. Da na yi maganar, a hankali, Hajiya ta ce kunya ce irin ta mai sunansa, ta ce a ɗiga masa nono a idon. Na yi ta bin yayana da "wataƙila ba komai, amma a duba", har ya gaji ya yarda.

A asibitin ido aka auna, likitar ta ce mu dawo a sa masa maganin barci a leƙa ciki. Ranar komawar, Hajiya ta ce ƙafarta ƙafarmu.

Bayan an gama, likitar ta kira mu ta juyo da allon na'ura. Ta ce wani ɗan gilashi mai ɗaukar hoto suka ɗora a kan idon, don su ga lungun da ruwan ido ke bi ya fita. Ta nuna mana na lafiyayyen yaro, a buɗe. Sannan ta nuna nasa: wata 'yar fata ta rufe wurin tun daga ciki. Ruwa na taruwa ba mafita, shi ne yake hura idon yana girma, yana danne jijiyar gani. Hawan jinin ido ke nan, in ji ta. Na hagu za a yi aiki a buɗe hanyar, ana sa ran zai ci gaba da gani. Na dama kuma jijiyar ta riga ta lalace.

Hajiya ta daɗe tana kallon allon. Can ta ce, "Likita, kwallina ne?"

"A'a, Hajiya, da shi aka haife shi."

"To girman da nake yabo, ashe ciwon ne?"

Likitar ta riƙe mata hannu. Tun daga ranar ban ƙara ganin tandun kwallin Hajiya ba.

Yanzu yana firamare, da tabarau mai kauri, kuma ana komawa a sake ɗaukar hoton lungun, don an ce yana iya sake toshewa. Hajiya ta tsufa, tsokanar ma ta ragu, amma na lura in za ta zauna kusa da shi, sai ta zagaya ta hagunsa, inda zai gan ta.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da jama'a suka taru suna yabo ne lafiya ba. Yanzu in na je barka na ga jariri mai manyan idanu yana gudun haske, nakan yi addu'a, sannan in ja uwar gefe in gaya mata, ko da ban tabbata ba.