Ɗakin Sama Da Na Ba Riguna

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya a goge mini shi daga rayuwata, ba zan daɗe ina tunani ba. Taku ɗaya ne da na yi da baya, ranar wata Lahadi, a tsakar gidan da muke haya a unguwar Bromakote ta birnin Abijan, lokacin da 'yata ta miƙo mini hannu. An fi shekara ashirin, gemuna ya yi fari fat, amma in na tuna har yanzu bakina ɗaci yake yi. Ban yi karatu mai nisa ba, don haka zan faɗi abin yadda ya zo mini.

Na zo Abijan ina saurayi, da riga biyu a jaka. Na yi shekaru ina tsaron shagon kawuna a kasuwar Ajame, muna saro takalma da jakunkuna muna ba 'yan kiri. Da Allah ya buɗa mini na kama nawa shagon, na yi aure, aka haifa mana 'ya mace. Daga nan ciwon ya kama ni, ciwon shadda.

Muna da wata majalisa a unguwar Barakodi, mu kusan goma, duk 'yan kasuwa. Shayi muke cewa ya tara mu, amma ƙarya ne, kallon rigar juna muke zuwa yi. Kana isowa, kafin a amsa maka sallama wani ya kama bakin hannun rigarka yana murzawa tsakanin yatsu, yana kanne ido kamar mai sayen rago. In ta yi masa sai ya ce, “Alhaji, ka kashe mu.” Alhaji suke kirana, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba a lokacin. In kuwa ba ta yi ba, sai a tambaye ka ko labulen gida ka ciro. Manyan mutane ne fa, masu iyali, da tumbi da furfura. In na tuna mu yanzu, muna zaune a gefen kwata muna shafa rigunan juna, turare ya gauraye da gumi da warin kwatar, ƙyama nake ji.

Dokarmu ita ce rigar da aka gan ka da ita a biki ɗaya ba ta zuwa biki na biyu. Biki kuwa ba ya yankewa a garin nan, na Hausawa da na ƙabilar Jula, kusan kowace Alhamis da Lahadi. Nakan sayi farar shadda in kai wa matan Mali masu rini, daga nan wurin tela mai aiki, daga nan kuma unguwar Tireshbil, a tsallaken gada, wurin masu bugu. Su ne ke sa mata ƙaro, su shimfiɗa ta a kan gungume, su biyu suna dukanta da guduma ta itace har ta ɗauki ƙyalli ta sandare kamar kwali. Shadda mai sabon bugu ba ta son ruwa, ɗigo ɗaya sai ya bar tabo. Ba ta son lanƙwasa. Wanda ya sa ta yakan yi tafiya hannuwa a buɗe, ba ya shiga baka, wato ƙananan motocin hayar nan da ake cusa mutane, sai dai ya ɗauki tasi shi kaɗai ya ɗosana a bakin kujera. Ban da wannan ga wanzami sau biyu a mako, ga mai yankan farce, ga baƙin shuni na gemu tun ban kai shekarun rina gemu ba, ga kwalaben turare jere kamar kanti.

Ɗaki biyu na kama a gidan hayar. Na ƙasa yana jikin bangon da kwata ke bi ta bayansa. Da damina bangon gumi yake yi, in ka jingina sai bayanka ya jiƙe, tabarma ma baƙi take yi a ƙasa. Na sama kuwa taga biyu gare shi, iska na ratsawa, rana na shiga da safe. Da na kama shi na gaya wa matata can za mu koma. Amma laimar Abijan ba ta barin shadda, fumfuna take sa mata, sai na ce bari riguna su ɗan zauna a sama kafin in samo musu wuri. Na sa kafinta ya kafa sanduna daga bango zuwa bango. Na sayi fanka na kunna musu dare da rana. Na sa kwaɗo, makulli a aljihuna. Shekara huɗu aka yi a haka, riguna a sama suna shan iska, mu uku a ƙasa.

Yarinyar tana da shekara biyar ta fara tari. In damina ta kankama sai ƙirjinta ya riƙa kuka kamar usur, ta zauna ta dafa gwiwoyi tana jan numfashi. Uwarta ta kai ta asibiti, likita ya ce asma ce, ya ce a raba ta da ɗaki mai danshi. Ta dawo ta faɗa mini. Na ce likitoci haka suke gaya wa kowa. Ta sake yin maganar bayan wata guda, na ce a bari salla ta wuce. Salla ta wuce na ce a bari bikin ɗan wane ya wuce. Mace ce mai kawaici, ba ta ɗaga murya, amma wata rana tana shanya katifar yarinyar a tsakar gida ta ce mini, “Malam, ka ba mu ko kusurwa ɗaya ce a saman nan, ita kaɗai ta riƙa kwana. Ni zan zauna a ƙasa.” Na ce yarinya za ta taɓa mini kaya da hannun manja.

Abin da na yi a maimakon haka shi ne na sayo turaren wuta mai tsada, na ce a riƙa turara ɗakin ƙasa safe da yamma don warin danshi ya tafi. A ganina na yi gyara. Ashe hayaƙin ƙara shaƙe ta yake yi. Ni da hannuna nake zuba shi a kasko.

Ranar Lahadin da nake magana, ana ɗaurin auren ƙanen wani ɗan majalisarmu a Tireshbil. Wata biyu ina shirya rigar, shuɗiya mai ruwan sararin sama, aiki tun daga wuya har cibiya. Da sassafe na haye gada na karɓo ta wurin masu bugu, na rungumo ta a takarda kamar jariri. An yi ruwa kwana uku a jere, tsakar gida duk caɓi. Na hau sama na fi awa ina shiri. Da na sauko, ina tattare da gindin riga, sai na ga yarinyar a bakin ƙofar ɗakin ƙasa. Shekararta tara a lokacin. Uwarta ta ruga kantin magani domin abin shaƙarta na asma ya ƙare. Kafaɗunta na hawa suna sauka, leɓɓanta sun yi duhu, ta amayar da kokon da ta sha duk ya ɓata mata gaban riga. Da ta gan ni ta miƙe da ƙyar, ta yi taku biyu, ta miƙo hannuwa. Ba ta da numfashin da za ta kira ni.

Na ja da baya. Ba tunani na yi ba, jikina ne ya yi, domin shekara da shekaru na koya masa rigar ce gaba da komai. Na ga aman, na ga hannuwanta a jiƙe, na ja da baya na ɗaga hannuwana sama. Ta tsaya tana kallona.

Akwai wata maƙwabciyarmu Bajula, mai sayar da aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi a ƙofar gida, ta girme ni nesa. Ita ce ta yar da matsamin kifi ta zo a guje, ta sunkuci yarinyar ta goya, ƙafafun yarinyar na reto har gwiwarta. Da za ta wuce ni ta ce da 'yar Hausarta, “Alaji, matsa, kar mu ɓata maka.” Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma na matsa.

Na bi su a baya ina tsallake ruwa. Muka haɗu da uwar a bakin titi, muka tare tasi. Su uku suka shiga baya, ni na zauna gaba, a bakin kujera. A asibiti aka karɓe ta aka sa mata abin numfashi. Ban zauna a benci ba, don na ga ba shi da tsabta. Bayan kamar awa biyu likita ya fito ya ce ta dawo hayyacinta, amma za su riƙe ta kwana uku.

Nan ne wurin da na fi jin kunyar faɗa. Na duba agogo, na ga ba a tashi daga biki ba. Na ce wa matata zan je in yi wa mutane Allah ya sa alheri in dawo. Ko kallona ba ta yi ba. Na tafi. An tare titi da rumfuna, mawaƙan Jula mata suna ta yi da lasifika. Ina shiga ɗaya daga cikinsu ta biyo ni tana wasa ni, tana nuna rigar, mutane na juyowa. 'Yan majalisa suka taso suna murza hannun rigar, wani ya ce yau na rufe bakin kowa. Da zan ce muku raina a ɓace yake, da na yi ƙarya. Daɗi na ji. Na ci shinkafa da nama, na karkace don kar mai ya ɗiga mini.

Da aka sallame su, matata ba ta dawo Bromakote ba. Gidan yayanta ta wuce da yarinyar, a can Tireshbil. Kwana biyu sai ya aiko in zo. Mutum ne mai sanyin magana, direban babbar mota, riga ɗaya yake zuwa Juma'a da ita shekara da shekaru, a da har raina shi nake yi a zuciyata. Ya ba ni ruwa, muka gaisa, sannan ya ce ƙanwarsa ba ta neman rabuwa, ba ta kuma kawo ƙarata a kan ci ko sha ba. Makullin ɗakin sama kawai take so. In babu, yarinyar za ta zauna a wurinsa.

Ko a nan sai da na yi ciniki. Na ce ko za a raba ɗakin da labule, rabi nasu rabi na kaya. Ya dube ni ya ce, “Malam, in ɗakin bai isa ba, kawo rigunan nan gidana in riƙe maka su kamar 'ya'yana. Ita kuma ka riƙe ta kamar riga.” Na sunkuyar da kai. Na ciro makullin na ajiye a kan tabarma.

Na kwashe rigunan na danna su a akwatunan ƙarfe, na jera a ɗakin ƙasa. Matata da yarinyar suka dawo suka hau sama. Kafin damina ta fita tarin ya ragu, yarinyar ta fara barci har safe, ta koma makaranta ba fashi. Abin da aka yi shekara huɗu ana roƙona, ashe aikin yini ɗaya ne.

Bayan wata biyar aka yi wani biki, na ce bari in duba ko da wadda zan sake kai wa bugu. Na buɗe akwatin farko, wari ya buge ni har na koma da baya. Fumfuna ta cinye su, baƙa da kore, ta bi aikin wuya ta yi gashi kamar ruɓaɓɓen burodi. Wasu sun manne da juna, in ka ja sai su yage. Kyankyasai suka watse ta ko'ina. Na tsuguna ina kallo, sai lissafin ya zo mini da kansa: wata biyar kawai shadda ta yi a ɗakin nan ta zama haka, ƙirjin 'yata kuwa shekara huɗu ya yi a ciki. Na fita bakin kwata na yi ta kakari. Da na zubar da rigunan, masu kwasar shara ma sai da suka toshe hanci. Ban sake komawa majalisar Barakodi ba, su ma ba wanda ya zo nemana.

Yarinyar ta girma, ta yi karatu, yanzu tana aiki a wani kantin magani a Tireshbil, da mijinta da 'ya'ya biyu. Har yau da abin shaƙa take yawo a jaka. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Takan zo duk Juma'a da yamma, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, rabi da Hausa rabi da Faransanci, ta ajiye mini maganin hawan jini. Amma tun daga ranar nan ba ta sake zama kusa da ni ba. In tana ƙarama ta faɗi ko ta ji tsoro, uwarta take nema, in ba ta nan sai mai aceke.

Bara na yi ƙarfin hali na ce ta zauna, na roƙe ta gafara, na ambaci ranar da sunanta. Na ɗauka za ta ce ta manta. Tana juya makullin mota a hannu ta ce, “Baba, na yafe tun tuni. Rigar ma kyakkyawa ce, ina tuna ta.” Ta tambaye ni ko ina shan maganin a kan lokaci, ta tashi ta tafi. Na san da gaske ta yafe. Na kuma san iyakar abin da zan samu ke nan.

Ina ganin samarinmu yanzu a Ajame, an ƙara da takalman kanti da agogo da hotuna a waya, ana tafiya hannuwa a buɗe kamar yadda muka yi. Ban ce kada ku sa kaya masu kyau ba. Roƙona dai, wanda ya karanta wannan ya koma gida ya duba inda ya ajiye kayansa da inda iyalinsa ke kwana. In ya ga abin da na ƙi gani, ya gyara a ranar, kada ya ce sai salla ta wuce. Don Allah kada ku yi irin tawa.